Hotunan da Ba a Zo Karɓa Ba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mai gidanki da yara. Na koma takarda ne don a waya ba ma iya magana: ni in ɗaga murya, ke ki kashe. Wannan sai dai ki yaga, kuma na san halinki, sai kin karanta kafin ki yaga.

Ranar Talata na kai Baba babban asibiti aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa. Kin ce tsufa ne kawai. To, tsufan ne ya sa ya ɗora butar shayi ya fita har gindinta ya narke. Tsufan ne ya sa ya je sayen batir a bakin titin da ya yi shekara arba'in yana tsallakawa, sai mai faci ne ya riƙo hannunsa ya dawo da shi.

Sun cire masa agogo da zobe da makullin shago, suka kwantar da shi a kan wani siririn gado da ke shigewa cikin na'ura kamar ƙaton bututu. Ƙararta kamar ana fasa kwalta. Ma'aikaciyar ta ce masa kada ya motsa. Baba fa, mai hoton da ya ƙarar da rayuwarsa yana ce wa mutane kada su motsa. Ya yi dariya, ya tambaye ta ko ana bukatar ya yi murmushi.

Likita ta ɗora fim ɗin a kan allo mai haske, ta nuna mini wurare biyu can ciki, ɗaya dama ɗaya hagu, kowanne a lanƙwashe kamar ƙaramin yatsa. Ta ce nan ne sabon abu yake fara sauka kafin a adana shi, kuma na Baba sun tsuke. Baƙin da ke gefensu ruwa ne da ya cike gurbin. Ta ce sababbin abubuwa ne suke fara tafiya, tsofaffi su jima. Na tambaye ta wata nawa ko shekara nawa, ta ce hoto ba ya faɗar lokaci. Tana magana tana kallon hannuna mai ƙunar dalma, kamar tana tausayin mai gyaran waya da aka jefa cikin ilimin da ya fi ƙarfinsa. Daga can na wuce wurin mai tsofaffin littattafai na sayi wani ƙaton littafin ɗaliban likitanci da bangonsa ya cire, na haɗa da ƙamus. Ban gama sakandare ba, kin sha tuna mini, amma babin nan na karanta shi sau uku, kuma na gane. Da ma ban gane ba.

Da muka dawo Baba ya karɓi fim ɗin ya ɗaga shi a hasken ƙofar shago, yadda yake ɗaga nagatif, baƙin fim ɗin hoto kafin a wanke shi a takarda. Ya daɗe yana kallo. Ya san nasa ne. Sai ya ce:

"Kada ka damu, Auta. A nagatif, inda ya yi baƙi nan ne haske ya fi bugawa. In aka wanke, fari zai fito."

Na shiga bayan gida na buɗe famfo don kada ya ji ni.

Hotonki yana nan a gilashin gaban shago, wanda ya ɗauke ki kina shekara bakwai da giɓi a baki da jakar makaranta da ta fi ki girma. Ya ce miki ranar da za ki bar gida ki karɓa, kika bar gida ba ki karɓa ba. Kin san dokarsa: hoton da ba a zo karɓa ba ba a jefarwa, ana sa shi a ambulan a ajiye a kwali, kuma ba a ba wa kowa sai mai shi, bayan ya kara hoton da fuskar mutum ya dubi kunne, don a cewarsa kunne ne kaɗai shekaru ba sa sauya wa fasali. Ki zo ki karɓi naki tun yana sanin wa zai miƙa wa. Saƙonki yana isowa ta hannun direba, mun gode. Baba bai iya hira da saƙo ba.

Ki gai da yara. Wassalam.

Ƙaninki,
Auta

*

Zuwa ga ƙanena Auta,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Na samu takardarka, na kuma gode da ɗawainiyar da kake yi da mahaifinmu. Allah ya saka maka da alheri.

Ka san yanzu lokacin jarrabawa ne, kuma shugabar makaranta ta ɗora mini ajin 'yan shekarar ƙarshe. Ba zan iya barin su ba. Da zarar an yi hutu zan taho, in Allah ya yarda.

Game da hoton asibiti, ina roƙonka ka kwantar da hankalinka. Likitoci suna faɗar abin da suka gani ne, rai da lafiya kuwa ba a hannunsu suke ba. Ka rage karanta littafin nan, yana ƙara maka damuwa. Kada kuma ka riƙa titsiye Baba da tambayoyi kana gwada shi, mutum ne mai kunya. Sannan ka tuna ni yayarka ce, na goya ka bayan rasuwar Mama. Akwai kalmomi a takardarka da ban cancanta ba.

Ka gaishe mini da Baba, ka ce ina nan tafe. Ka huta lafiya.

Yayarka

*

Yaya,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa, tunda an ce ba ni da ladabi.

An yi hutu. An koma. An sake yin wani, dogon. Shekara ɗaya da wata uku ke nan da kika ce kina nan tafe. Wace irin mota kika hau?

Bari in ba ki labarin mutumin da kike aiko wa gaisuwa. Ni nake yi masa aski yanzu, don ya yanke kansa sau biyu. Na manna takarda a kowace ƙofa, na rubuta BAYAN GIDA, ƊAKI, WAJE. Yana karantawa da kyau, da murya mai daɗi, sannan ya buɗe wadda ba ita yake nema ba. Cokali ya zama "abin nan". Makulli ya zama "abin nan". Ranar nan ya nemi kalmar ruwa ya rasa, ya tsaya yana nuna maƙogwaronsa, ni kuma na daka masa tsawa na ce ya faɗi abin da yake so. Na faɗa miki ne don ki samu abin ƙarawa a kan laifuffukana.

Shago kuwa kullum sai ya buɗe. Ƙarfe takwas ya share ƙofa, ya goge gilashi, ya kafa tsohuwar kyamarar nan a kan ƙafafunta uku. Babu fim a ciki, an daina sayar da irinsa. Ni ina gefe a teburina ina buɗe cikin wayoyin da suka kashe masa sana'a. Telan da ke kusa da mu, Allah ya yi masa albarka, kullum sai ya shigo ya zauna a benci ya gyara wuyan riga, Baba ya ce ya ɗaga haɓa, kada ya motsa, ya danna. Tela ya ce rabonsa da a kula da kyansa haka tun yana ango.

Makon jiya aka sake ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar. Wannan karon bai yi raha ba. Ƙarar ta firgita shi, sai da aka bar ni na tsaya na riƙe masa ƙafa. Likita ta jera na bara da na bana. Ko ke da kika ce in daina karatu za ki gani da idonki. Yatsun nan biyu sun ƙara tsukewa, kuma abin ya bazu zuwa gefe da gefe, wajen da kalmomi da fuskoki suke zama. Ramukan da ke tsakanin naɗe-naɗen ƙwaƙwalwar sun buɗe kamar ƙasar da ta bushe ta tsattsage. Na tambaye ta sunan wani sashe da na gani a littafi, ta ɗago ta dube ni sosai karo na farko.

A shago Baba ya ɗaga fim ɗin a haske ya ce wanda ya ɗauka bai iya aiki ba, mutum ko fuska babu. Ya tambaye ni na wane ne. Ya nemo babban ambulan ya zura shi, ya haɗa da na bara a wani, ya rubuta a bayan kowanne da rubutunsa mai kyan nan: *Ba a zo karɓa ba.* Ya sa su a kwali.

Kullum sai ya tambaye ki. Kullum. Ya ce yarinyar nan ba ta dawo ba? In ce tana hanya. Na gaji da yi miki ƙarya. In aikinki ya fi ubanki, ki rubuto ki faɗa, in san abin da zan riƙa gaya masa.

Wassalam.
Auta

*

Ƙanena Auta,

Amincin Allah ya tabbata a gare ka. Na rubuta wannan takarda sau huɗu ina yagawa.

Na zo, Auta. A dogon hutun nan, ranar wata Laraba. Ban sanar da kai ba don ina so in ba ku mamaki. Na sauka a tasha na tako da ƙafa, da jakata da 'yar tsarabar da na riƙo masa. Teburinka a rufe yake, daga baya na fahimci ka tafi kasuwar kayan waya. Tela yana cikin shagonsa da mutane, bai gan ni ba.

Baba yana tsaye yana goge gilashi. Na yi sallama. Ya juyo da fara'arsa, ya kakkaɓe benci da tsumman hannunsa, ya ce:

"Sannu da zuwa, Malama. Ɗauka ko karɓa?"

Na ce, "Baba."

Ya ce haka duk unguwa suke kiransa, in zauna, kada in ji komai.

Hotona yana bayan kafaɗarsa. Ya ga ina kallo, ya ce 'yarsa ce, tana makaranta, yanzu za a taso su. Ya ce tana da ƙoƙari sosai, malama za ta zama. Na ce masa na yi ɓatan shago ne. Ya rako ni har bakin ƙofa ya nuna mini hanya. Motar da ta kawo ni ita ta mayar da ni. Tsarabar tana nan a jakar har yau, ban buɗe ba.

Yarinyar da yake tambaya shekararta bakwai. Ni shekarata arba'in da ɗaya, da tabarau da furfura a gaban goshi. Ban gaya wa kowa ba, ko mai gidana. Na bar ka kana zagina don zagin ya fi mini sauƙi a kan in sake tsayawa a ƙofar nan. Na san ka sha wahala, na san ni ce mai laifi. Amma kai ko ba komai in ka shigo ya san ɗansa ne ya shigo. Ka gode wa Allah da wannan.

Ka yafe mini. Ka kula da kanka.

Yayarka

*

Yayata,

Assalamu alaikum. Wata biyu takardarki tana aljihuna. Da farko na ji haushi, kin san ni. Na ce wato ta zo har nan ta juya, ta bar ni da wankin zanen gado. Na rubuta miki shafi uku masu zafi, sai na koma kan layin da kika ce ya san ɗansa ne ya shigo, na ajiye biro.

Bai san ni ba, Yaya. An kusa shekara. Tun kafin zuwanki.

Wata safiya na kawo masa shayi shago, ya miƙe ya ba ni haƙuri, ya ce hotona bai fito ba tukuna, in dawo gobe. Na ɗauka wasa ne. Washegari ya maimaita. Tun daga ranar ni wani abokin ciniki ne mai naci da ke zuwa kullum, mai kirki dai, tunda har wanka yake taya shi. Likita ta faɗa tun farko, sababbi ne suke fara tafiya. Ni ne auta. A duk abin da Baba ya sani a duniya, ni ne sabo. Na karanta wannan a littafi na ja masa layi da jan biro, ban taɓa kawowa da ni ake ba.

Ban gaya miki ba don ina so ki zo, kuma ina so in fi ki. Ina so a ce ni da na zauna ni aka riƙe, ke da kika tafi ke za a rasa. Kin ga ƙanin da kika goya.

Akwai ranar da na yi hauka. Na zazzage kwalin nan kaf a ƙasa ina neman hotona. Amare, jarirai, ɗalibai, sojoji, mutanen da wataƙila rabinsu sun mutu. Babu ni. Nawa duk a zamanin kwamfuta aka ɗauka, kwamfutar da ta ƙone tun ina ɗan shekara goma sha biyu. Na kama kafaɗun Baba na juya masa gefen fuskata na ce ya dubi kunnena, ai ya ce kunne ba ya sauyawa. Ya duba, tsakani da Allah ya duba. Sannan ya ce a hankali, ba tare da hoto ba, da me zai gwada? Na tsorata shi. Daga ranar ban ƙara tambayarsa ko ni wane ne ba. Kin gargaɗe ni tun a takardarki ta farko, ga shi na yarda kin yi gaskiya, ki adana wannan layin don ba za ki sake samun irinsa ba.

An ɗauki hoton ƙwaƙwalwar na uku bayan ya faɗi a tsakar gida, don a tabbatar jini bai taru ba. Bai taru ba. Amma sauran, Yaya. Ruwan da ke tsakiya ya yi faɗi kamar fukafukai, gaba da baya duk sun janye daga ƙashi. Likita ta kashe allon ta ce ba sai mun sake kawo shi ba, hoto ya gama gaya mana abin da zai iya. Ta ce in lura da haɗiya, in lura da tafiya. Na ce to me ya rage a ciki? Ta ce wannan na fi na'urarta sani, tunda ni nake tare da shi. Ta ce abin da hannu ya saba yakan jima bayan baki ya yi shiru.

Na miƙa wa Baba fim ɗin, ya riƙe shi a kife ya ajiye a cinya. Ni na sa shi a ambulan, ni na yi rubutun a baya.

Yanzu kalmominsa ba su fi ashirin ba. Ni nake riƙo shi zuwa shago. Amma har yanzu in mutum ya shigo yana cewa ɗauka ko karɓa. Ke kina da abin da ba ni da shi, kina da hoto a gilashi. Ki dawo ki ce karɓa. Ki cire tabarau, ki ja mayafinki baya, ki ba shi kunnenki na hagu mai ɗan lanƙwasar nan irin ta Mama. Ban yi miki alkawarin komai ba. Amma in kika bari wani hutu, babu hannun da zai miƙa miki.

Ba faɗa nake ba wannan karon. Ki gai da kowa.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Salamu alaikum. Na bar maka wannan a ƙarƙashin abin narka dalmarka don ba zan iya yi maka sallama baki da baki ba. Motar safe zan bi.

Kana bayana lokacin, ba ka ga fuskarsa ba. Da na ce karɓa, ya ciro hoton da kansa ya kara shi da kumatuna. Na ji numfashinsa a wuyana. Ya taɓa kunnen da ɗan yatsa, sau biyu. Na rantse maka wani abu ya motsa a idonsa. Sai ya janye hoton ya manna a ƙirji ya ce, "Na 'yata ne. Za ta zo."

Ka ga ban gudu ba wannan karon. Kwana biyar ɗin nan da na yi ina ba shi abinci a baki, ina yanke masa farce, sun fi mini duk shekarun da na yi ina aiko direba. Ban san haka kake rayuwa ba. Ka rame, kuma kana tari, ka je a duba ka. Na yi magana da shugabar makaranta, ƙarshen kowane wata zan riƙa zuwa. In Malama ce yake so, Malama za ta zo.

Ka bar hoton inda yake. Yana jiran mai shi.

Allah ya yi maka albarka, ɗan Mama.

Yayarka

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin sauka lafiya. Ki buɗe ƙaramin ambulan da na haɗo miki a hankali, takardar ta tsufa.

Kwana biyu bayan tafiyarki, muna zaune da hantsi, ya miƙe ba tare da na riƙe shi ba. Ya buɗe gilashi ya ciro hoton. Ya nemi ambulan, ya zura, ya lashi bakin ya manne. Ya miƙo mini, ya kama kunnensa na hagu ya ce:

"Matar nan. Ta manta. Bi ta."

Ban tambaye shi ko wace ce matar ba. Tela yana wurin, ya juya baya yana ta gyaran zaren da bai tsinke ba.

Gilashin ya zama wayam, sai ɗan murabba'in da rana ba ta ci ba. Tun ranar bai ƙara tambaya ko yarinyar ta dawo ba. Manyan ambulan ukun nan na asibiti suna nan a kwali, mai su bai zo ba.

Ni kuwa yau ma ya ba ni haƙuri, ya ce in dawo gobe. Na ce masa babu komai, zan dawo.

Sai kin zo ƙarshen wata. Ki gai da yara.

Ƙaninki,
Auta